Ɗaga Gaban A-Kori-Kura da Kuɗi Kaɗan: Abin da Na Koya Ranar da Tayata Ta Kwanta a Hanya

 

Yau maganar a-kori-kura za mu yi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya irin su Hilux. Kuma ba kowace ba, wadda ba fowil ba, wadda tayoyin baya ne kawai ke turata. Tun da damina ta kankama tambaya ɗaya ake ta maimaita min: "Malam, gaban motata ya yi ƙasa da yawa, kullum sai ta daki ƙasa. Ta yaya zan ɗaga shi ba tare da na kashe kuɗi mai yawa ba?" To yau zan amsa. Amma kafin nan bari in ba ku labarin yadda ni na yi nawa, domin ban koyi wannan abu a littafi ba, a bakin titi na koye shi da buhunan masara a baya.

Motata tsohuwar Hilux ce, ƙirar shekarun 1990, mai shan fetur. Ba ni kaɗai na saye ta ba, yayana ne ya cika min rabin kuɗin, da sharaɗin in riƙa biyansa a hankali daga abin da take kawowa. Aikina ɗauko amfanin gona daga ƙauyenmu zuwa kasuwa. Daga kwalta zuwa ƙauyen akwai 'yar tafiya a kan burji, kuma duk wanda ya san irin hanyar nan a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Manyan motoci da taraktoci sun bi sun haƙa kwari biyu, tsakiya ya zama tudu kamar kunya a gona. Tayoyinka suna cikin kwari, cikin motarka yana gogar tudu.

Wata rana ina dawowa sai na ji "gwaf!" a ƙarƙashin inji. Kafin in yi nisa fitilar baƙin mai ta kawo ja. Na kashe mota da sauri, na leƙa, sai ga baƙin mai yana tsiyaya. Dutse ne ya fasa kaskon da ke riƙe mai a ƙasan inji. Allah Ya taimake ni na kashe da wuri, da injin ya tafi. Bayan an gyara, na ce wallahi ba za a sake ba, sai na ɗaga motar nan.

Na shiga wani gareji, na gaya wa bakanike matsalata. Ya yi dariya ya ce, "Oga, wannan ai aikin minti ashirin ne." Ya shige ƙarƙashin mota da sifana, ya yi ta ɗaure wasu dogayen kusoshi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ina tsaye ina kallon gaban motar yana tashi kamar ana hura shi. Ya ce, "Ya isa ko in ƙara?" Na ce, "Ƙara!" Ya ƙara har sai da zaren kusoshin ya kusa ƙarewa. Motar ta tsaya cak, gabanta a sama, kai ka ce sabuwa ce daga kamfani. Abin da na biya bai kai kuɗin rabin tankin mai ba. Na fito ina jin ni ne mai wayon duniya.

Daga ranar nan motar ta canja hali. Ko ƙaramin rami na faɗa sai in ji duka har cikin haƙorana. Sitiyari ya daina tsayawa a tsakiya, sai na riƙa kokawa da shi. Cikin 'yan makonni tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefe guda, ɗaya gefen kuma kamar ba a taɓa hawa ba. Duk na ga wannan, amma na ce ai haka motar da aka ɗaga take.

Wata uku da yin aikin, ranar kasuwa, ni da ƙanena muna tafe da buhu goma na masara. Mun haura wani tudun rage gudu a bakin gari, ina tafiya a hankali ƙwarai. Sai na ji wata ƙara kamar an karya itace, gaban motar na dama ya zube ƙasa, tayar ta kwanta a cikin madigadi. Boljoin ne ya fita daga gidansa. Jama'a, minti goma kafin nan muna kan babban titi ina gudun tamanin, tirela na biye da ni. Ƙanena ya fito ya zauna a bakin kwata, ya kasa cewa komai. Ni kuwa abin da ke zuwa min a rai shi ne, da a can ne abin ya faru, me zan je in gaya wa mahaifiyarmu?

Wani dattijon bakanike ne ya zo ya duba motar. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaure maka motar nan haka?" Na ce, "Baba, ni na ce a ƙara." Ya girgiza kai. Ya ce boljoin ɗin dama ya tsufa, amma ɗagawar ce ta ƙarasa shi. Sai ya faɗa min magana ɗaya wadda ita ce kan shirinmu na yau. Ya ce ƙafar mota tafiyarta ƙayyadajjiya ce, tana da iyaka sama tana da iyaka ƙasa. Duk abin da ka ƙara a sama, daga ƙasa ka ciro shi.

Bari in warware muku wannan, domin idan kun gane shi, ba wanda zai sake yi muku abin da na sa aka yi min.

Tayar gaba a irin waɗannan motoci tana rataye ne da hannuwa biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa. A ƙarshen kowane hannu akwai boljoin, wato gaɓa mai dunƙulen ƙarfe a cikin kwarmi, kamar yadda ƙashin cinya yake zaune a cikin ƙugu. Idan mota na tsaye, kamfani ya tsara tayar ta zauna a wajen tsakiyar tafiyarta. Ka hau tudu, tana da filin da za ta matsa sama. Ka faɗa rami, tana da filin da za ta sauka ta bi ƙasa. To idan ka ɗaga gaban mota ta hanyar araha, ba sabon fili ka ƙirƙira ba. Tura tayar ka yi ƙasa, ta koma zama kusa da iyakarta. Filin saukar ya ragu. Shi ya sa da na faɗa rami, hannun sama yake dukan robar tsayawa nan take, tayar ta kasa bin ƙasa, ni kuma in ji dukan a jikina. Boljoin kuma yana aiki a karkace, kusa da ƙarshen juyawarsa, dare da rana. Ka gwada tsayawa a kan yatsun ƙafarka yini guda, ka ji abin da idon sawunka zai gaya maka.

Yauwa. Yanzu mu zo ga hanyoyin, ɗaya bayan ɗaya. Amma farko sai ka san wace irin ƙafa motarka take da ita, domin ba duka ɗaya ba ne. Ka durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba. Idan ka ga doguwar sandar ƙarfe ta taso daga hannun tayar ta miƙe baya a gefen shasi, motarka mai toshan ba ce. Sandar nan ita ce sifirin ɗin, murɗewa take yi idan nauyi ya hau ta, ta warware idan ya sauka. Tsofaffin Hilux irin tawa haka suke, haka ma tsohuwar Nissan a-kori-kura mai suna D21. Idan kuwa ka ga naɗaɗɗen sifirin da shokozoba a cikinsa, to motarka mai koyil ce. Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2004, wadda muke kira Vigo, da waɗanda suka biyo bayanta, koyil gare su a gaba.

Hanya ta farko, ta masu toshan ba, ita ce wadda aka yi min: ɗaure kusar da ke ƙarshen sandar ta baya. Ita ce mafi araha, kusan kyauta ce. Kuma ku ji ni da kyau, ban ce haramun ba ce. Kamfani da kansa ya sa kusar nan domin a daidaita tsayin mota. Laifina shi ne wuce gona da iri. Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: motar da ta yi shekara ashirin ko talatin tana ɗaukar kaya, gabanta ya riga ya zauna, ya yi ƙasa da yadda ta fito. Sau da yawa abin da kake buƙata ba ɗagawa ba ne, mayar da ita tsayinta na asali ne kawai. Wannan kuwa babu abin da zai lalata. Idan za ka wuce na asali, ni shawarata kada ka haura inci 1 zuwa inci 1 da rabi.

Ga yadda ake yi idan ana son a yi daidai. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, babu kaya a baya, iskar tayoyi daidai. A ɗauki tef a auna daga tsakiyar wil zuwa leɓen madigadi, dama da hagu, a rubuta. Daga tsakiyar wil nake cewa, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta ruɗe ka. A ɗaga gaban da jak domin nauyi ya sauka daga kan sandunan, a sa abin tokare mai ƙarfi a ƙarƙashin shasi. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare ba ne, rugujewa yake yi ba sallama. A wanke zaren kusar a sa masa mai, domin tsatsa kan sa ta tsinke. A yi mata alama da fenti ko alli, a riƙa ƙirga zagaye, abin da aka yi wa dama a yi wa hagu. A sauke mota, a ɗan zaga da ita domin ƙafar ta zauna, sannan a sake awo. Bayan haka ka leƙa ka ga robar da ke tare hannun sama idan taya ta sauka. Idan mota na tsaye kuma hannun ya riga ya manne da robar, an wuce iyaka, a sassauta. Wani bakaniken zai ce bari a yanke robar ko a cire ta. Kada ka yarda. Robar nan ita ke hana boljoin da shokozoba ɗaukar dukan. Kuma idan an taɓa cire sandunan gaba ɗaya, a kula, ta dama daban ta hagu daban, ba a musanya su.

Hanya ta biyu ta masu koyil ce: sifesa, wato wani faifai mai kauri na ƙarfe ko alminiyom ko roba mai tauri da ake sawa domin ya tura ƙafar ƙasa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗorawa a saman shokozoba gaba ɗaya, tsakaninta da shasi. Akwai wanda ake sawa a ciki ya danne sifirin ɗin. Na saman ya fi sauƙin sawa, amma yana ƙara wa shokozoba tsawo, sai ƙafar ta riƙa sauka fiye da yadda aka tsara mata, har hannun sama ya riƙa taɓa sifirin, boljoin ya sha wahala. Na cikin ba ya ƙara tsawo, amma yana cinye filin saukar taya, kuma sai an matse sifirin kafin a sa shi. Matse sifirin kuwa ba wasa ba ne. Ƙarfin da ke cikinsa idan ya kuɓuce zai iya fasa wa mutum fuska. Idan ka ga bakanike zai ɗaure shi da igiya ko waya, ɗauki motarka ka yi gaba, nemi mai na'urar matsewa.

Ga kuskuren da ake yawan yi da sifesa. Mutum yana son inci 2, sai ya sayi faifai mai kaurin inci 2. A'a. Shokozoba ba a bakin taya take zaune ba, a wajen tsakiyar hannun ƙasa take. Ka tuna ƙofa: idan ka tura ta kusa da maƙalinta da ɗan kaɗan, bakinta yana tafiya mai nisa. Haka nan ma, faifai mai kaurin inci 1 zai iya ba ka inci 1 da rabi ko ma fiye a wajen taya. Wanda ya sa mai inci 2 ya wuce inda yake nufi ba tare da ya sani ba. Don haka ka tambayi mai sayarwa, wannan lambar kaurin faifan ce ko tsayin da zai ba mota?

Sai abin da nake roƙonku kada ku yi: cusa guntun tsohuwar taya, ko katako, ko dunƙulen ƙarfe a tsakanin zoben sifirin. Na sha gani. Zoben da ka toshe ya daina aiki, sauran su ɗauki aikinsa, wata rana sifirin ya karye. Ko kuma abin da ka cusa ya faɗo a rami, mota ta karkace kana cikin gudu.

Hanya ta uku ita ce wadda masu motar da ba fowil ba suka fi kowa sa'a a kanta. Akwai ƙarfen da boljoin na sama da na ƙasa suke riƙewa, wanda boris da wil suke zaune a kansa, kanikawa na ce masa nokul ko sifindil. Ana ƙera wani na musamman wanda aka saukar da mazaunin tayar ƙasa, galibi wajen inci 3. Ka ga a nan hannuwa suna nan yadda kamfani ya bar su, boljoin bai karkace ba, filin tafiyar ƙafa bai ragu ba, amma mota ta tashi. Dalilin da ya sa wannan ya fi sauƙi a motarmu shi ne babu sandar da ke kawo ƙarfin inji zuwa tayar gaba, wadda a fowil ita ce take fara lalacewa idan an ɗaga. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne a Amurka. Can akwai masu tseren hamada, irin tseren Baja 1000 da ake yi a ƙasar Meziko tun 1967. Kafin ranar tsere sukan bi hanyar su nazarce ta da a-kori-kura da aka ɗaga wa gaba, da yawansu kuma ba fowil ba ne. Daga nan sunan PreRunner ya fito, har Toyota ta sa wa wani samfurin Tacoma sunan a 1998: mota mai jan baya kawai amma da tsayin fowil. Samarin can da ba su da kuɗi su ma irin tambayarmu suke yi, yadda za a samu tsayin nan da araha.

Amma sifindil ba araha ba ne. Shigo da shi ake yi, kuma sai ya dace da ainihin samfurin motarka da shekararta. Sau da yawa yana buƙatar tiyon birki mai tsawo, wani lokaci har da wil mai girma, kuma yakan turo tayoyi waje kaɗan. Abin da ya fi muhimmanci: kada wani mai walda ya ce zai yanka naka ya ƙara masa tsawo. Ina girmama masu walda, da su muke ci. Amma wannan ƙarfe shi ke riƙe da taya da birki da sitiyari a lokaci guda. Ranar da waldar ta saki, babu abin da ya rage a hannunka.

Akwai kuma masu ɗaga bodi, su sa faifai tsakanin bodi da shasi. Wannan yana ba taya fili a cikin madigadi, amma ku lura, shasi da inji suna nan inda suke. Dutsen da ya fasa min kasko zai sake samunsa. Ga kuma aikin sandar sitiyari da lagireto da wayoyi da za su biyo baya. Ga mai matsala irin tawa, wannan ba magani ba ne.

To yanzu ga tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko: me nake so in ɗaga? Ka je bayan motarka ka durƙusa. Ka ga tulun nan da ke tsakiyar aksul na baya? Ko ka ɗaga gaba ya kai rufin ɗaki, tulun nan yana nan inda yake. Abu ɗaya ne kawai ke ɗaga shi, shi ne taya mai tsayi. Bari mu yi lissafi. Taya mai lamba 215/70R15 tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen milimita 682 ne. Mai lamba 235/75R15 kuma wajen milimita 733. Bambancin milimita 51 ke nan, rabinsa ne ke ƙarƙashin aksul, wato ka samu kusan inci 1, gaba da baya, har da tulun, ba tare da ka taɓa ko kusa ɗaya a ƙafar mota ba. Amma ita ma tana da farashinta. Agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, idan ya nuna 100 kana wajen 107. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi idan da kaya, za ta ƙara shan mai, birki ma zai ƙara aiki. Kuma kafin ka biya kuɗi, a sa ɗaya a gwada, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ko tana gogar wani abu.

Wani abu kuma da ya shafe mu masu ɗaukar kaya. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa gaban a-kori-kura ya fi bayanta ƙasa? Ba kuskure ba ne. An yi haka ne domin idan ka loda kaya, baya ya sauka, motar ta daidaita. Wanda motarsa ta yawon gari ce, ba ya ɗaukar komai, zai iya daidaita gaba da baya ya ji daɗin kallo. Kai da kake ɗora buhu goma, idan ka daidaita ta babu kaya, da ka loda sai hancinta ya kalli sama. Fitilarka ta bar titi ta koma idon mai tahowa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. Kuma duk motar da ta ƙara tsayi ta ƙara saurin karkata a kwana, balle an tula mata kaya har sama da rufi. Don haka idan ka ɗaga, a sake saita fitilu, kai kuma ka rage ƙafa a kwana.

Sannan kada mu yaudari kanmu. Ɗagawa ba ta mayar da mota fowil. Idan tayar baya ɗaya ta samu taɓo ta fara juyawa a banza, tsayin gabanka ba zai fitar da kai ba. Abin da ke taimako a nan shi ne taya mai haƙori, da ɗan nauyi a kan aksul na baya, da rage iska kaɗan idan za ka ratsa yashi, ka mayar da ita da ka hau kwalta. Da kuma sanin ranar da ya kamata ka haƙura ka jira hanya ta sha iska.

Me na yi daga ƙarshe? Baban nan ya sassauta sandunan, ya mayar da motar tsayinta na asali ya ƙara mata kamar inci 1. Muka canja boljoin duka huɗu, ba wanda ya fita kaɗai ba, da kawunan tayirod, da robobin hannuwa da suka mutu. Muka duba tiyon birki, muka tabbatar ba ya miƙewa idan taya ta sauka har ƙarshe. Muka kai ta alaimen a wurin masu na'ura. Da na tara kuɗi na sa tayoyi masu ɗan tsayi. Sai abu na ƙarshe, wanda da shi na fara da ban shiga duk wannan ba: na je wurin mai walda ya yanka min farantin ƙarfe mai kauri, aka ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi a ƙarƙashin inji, aka bar ƙofar juye baƙin mai. A nan ne aikin mai walda yake da kyau. Tun daga lokacin dutse ya daki farantin nan ba adadi, kasko bai sake fashewa ba.

Idan na haɗa abin da arahar farko ta jawo min, tayoyi biyu da suka cinye, madigadi da ya lotse, kuɗin motar da ta kwashe masarar, da mako biyu da na yi ban yi aiki ba alhali yayana na jiran kuɗinsa, ya ninka kuɗin yin aikin daidai sau da yawa. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ni dai tawa ta yi ado na wata uku.

Saboda haka ga abin da zan bar ku da shi. Kafin ka ɗaga, a ɗaga tayar sama a girgiza ta, a duba boljoin da tayirod da boris. Idan akwai mai motsi, shi za ka fara canjawa, domin ɗagawa ba ta haƙuri da tsohon ƙarfe. Ka auna kafin aiki, ka auna bayan aiki. Kada ka wuce inci 1 da rabi ta hanyar ɗaure toshan ba ko sifesa. Kuɗin alaimen yana cikin kuɗin ɗagawa, idan ba ka da shi to ba ka shirya ba tukuna. Bayan mako guda a sake bin kusoshin duka a ɗaure. Idan kuma ka fara jin "ƙwas-ƙwas" a ƙafar gaba, ko taya ta fara ci ta gefe, ko sitiyari ya fara yawo, kada ka ce sai bayan kasuwa. Ni haka na ce.

Ƙanena har yau idan muka zo tudun nan na bakin gari sai ya kama ƙofa ya riƙe. Ba na yi masa dariya.

A nan za mu tsaya yau. Wanda yake da tambaya a kan motarsa ya turo, amma ya haɗa da samfurinta da shekararta da lambar tayar da ke jiki, domin in ba shi amsar da ta dace da shi. Wanda kuma ya san wani mai a-kori-kura da ke shirin zuwa gareji a ɗaure masa gaba, ya tura masa wannan kafin ya tafi. A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu koma baya, mu yi maganar sifirin mai ganye da masu ƙara masa ganye domin lodi. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.